Auna Girgizar Inji: Hanyar Gano Ɓarna Tun Kafin Aiki Ya Tsaya

MUBI, Jihar Adamawa — Masu injinan niƙa da na fasa dutse, da masu famfunan ruwa da manyan janaretoci a Mubi da kewayenta, suna iya rage asarar da mutuwar inji ke jawo musu idan suka rungumi wata hanyar bincike da kamfanonin haƙar ma'adinai da na man fetur suka daɗe suna aiki da ita. Hanyar ita ce auna girgizar inji yana cikin aiki, ba tare da an kashe shi ko an kwance ko da noti ɗaya ba, sa'an nan a karanta abin da girgizar ke nunawa game da lafiyar kayan cikinsa.

Wannan batu ya shafi Mubi ƙwarai. Garin cibiyar ciniki ce ta kan iyaka, wadda ke hulɗa da Kamaru da Chadi, kuma kasuwarta ta shanu tana cikin manya a Arewa maso Gabas. Masara da wake da gyaɗa da ake nomawa a kwarin kogin Yedzaram da gindin duwatsun Mandara duk suna bi ta bakin inji kafin su zama kuɗi. Amma garin yana da nisa da kasuwannin kayan gyara. Daga Mubi zuwa Yola tafiyar kimanin kilomita 200 ce, kuma sau da yawa abin da ake nema ba ya samuwa a can, sai an aika Kano ko Onica ko Ikko. Saboda haka injin da ya mutu ba zato a Mubi yakan daɗe a kwance fiye da irinsa a Kano. Duk dabarar da za ta sanar da mai inji cewa wani abu zai lalace nan da makonni kaɗan, ta ba shi damar sayo kayan tun aiki bai tsaya ba.

Abin da girgiza ke faɗa

Babu injin da ke juyawa ba ya girgiza. Abin lura shi ne ƙarfin girgizar, da saurinta, da yadda take sauyawa daga wata zuwa wata. Tsofaffin kanikawa sun san haka tun da daɗewa. Akan ga bakanike ya ɗora tafin hannu a jikin inji, ko ya kafa bakin sukundireba a gidan boris ya kara kunnensa a ƙotar, ya ce boris ya fara ci. Abin da na'urar awo ta ƙara a kan wannan gwaninta shi ne lamba, wadda za a iya rubutawa a kwatanta ta da ta watan jiya, da kuma iya jin motsin da ya fi ƙarfin kunne da tafin hannu.

Tushen binciken shi ne cewa kowace irin ɓarna tana da nata saurin bugu. Janareto mai ba da wuta irin ta Nijeriya, wadda ke kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, yawanci yana juyawa sau 1,500 a minti, wato sau 25 a daƙiƙa. Idan nauyin abin da ke juyawa ya rinjayi gefe ɗaya, kamar fankar da ƙura ta daskare a fiffikenta ɗaya, za a ga girgiza mai ƙarfi sau 25 a daƙiƙa, daidai da saurin juyin. Idan kuma inji da abin da yake ja ba su daidaita a kan layi ɗaya ba, girgizar takan bayyana a ninki biyu, wato sau 50, kuma takan yi ƙarfi ta tsawon shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa. Notin da ya saki ko dandamalin simintin da ya tsage yakan haifar da jerin bugu a 25 da 50 da 75 da 100, har gaba.

Haka lissafin yake ga sauran kayan ciki. Giya mai haƙora 40 da ke juyawa sau 25 a daƙiƙa tana bugawa sau 1,000, kuma idan haƙori ya lashe ko ya ɓalle, a nan alamar za ta fito. Famfo mai fikafikai 6 yana bugawa sau 150. Boris mai ƙwallaye 8 da zobensa na waje ya yi tabo yakan buga kimanin sau 80, na ciki kuwa kimanin sau 120. Matsalar wuta a injin lantarki takan bayyana a sau 100, wato ninki biyu na saurin wutar. Akwai ma gwaji mai sauƙi na raba gardama: a yanke wutar ana kallon ma'auni. Idan girgizar ta ɓace nan take, laifin na wuta ne; idan ta riƙa raguwa sannu a hankali tare da juyin, laifin na ƙarfe ne.

Dalilin da ya sa ƙaramin rinjaye ke yin babbar ɓarna shi ne ƙarfin da juyi ke haifarwa. Dunƙulen laka mai nauyin giram 100 da ya manne santimita 20 daga tsakiyar fanka, idan tana juyawa sau 1,500 a minti, yana fizgar boris da ƙarfin da ya kai na nauyin kilo 50. Idan saurin ya ninka zuwa 3,000, ƙarfin ya zama na kilo 200, domin yana ƙaruwa ninki huɗu duk lokacin da sauri ya ninka. A lissafin da masu ƙera boris ke aiki da shi kuwa, idan aka ninka nauyin da ke kan boris mai ƙwallaye, rayuwarsa takan ragu zuwa kashi ɗaya cikin takwas. Ke nan boris ɗin da ya kamata ya yi shekara huɗu yana iya ƙarewa cikin wata shida, mai inji kuma ya ɗora laifin a kan ɗan kasuwar da ya sayar masa, alhali laka ce a jikin fanka.

Kayan awo da tarihinsu

Na'urar da aka fi amfani da ita ɗan ƙarfe ne da bai wuce babban yatsa ba, wanda ake manna wa gidan boris da maganaɗisu ko a ɗaure shi da noti. A cikinsa akwai wani sinadari mai fitar da 'yar wutar lantarki idan an matsa shi, halin da 'yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano a 1880. Girgizar inji tana matsa sinadarin tana sakinsa, wutar da ke fita kuma ta bi waya zuwa akwatin awo.

Akwatin awo iri biyu ne. Na farko ƙarami ne mai araha, yana ba da lamba ɗaya tak, wato jimillar ƙarfin girgizar, a ma'aunin milimita a daƙiƙa. Wannan yana faɗin cewa akwai matsala, amma ba ya faɗin inda take. Na biyu yana rarrabe girgizar kashi-kashi bisa saurin kowane bugu, ya zana ta a allo kamar jerin turaku, kowane turke da tsawonsa. Daga wurin da dogon turke ya tsaya ne injiniya ke gane mai laifi. Lissafin da ke bayan wannan rarrabewa ya samo asali daga masanin Faransa Joseph Fourier, wanda ya wallafa littafinsa a 1822, amma bai zama abin aiki na yau da kullum ba sai bayan 1965, lokacin da Amurkawa biyu, James Cooley da John Tukey, suka fito da gajeriyar hanyar yin sa da kwamfuta.

Manyan injina irin na matatun mai da tashoshin lantarki, waɗanda shaf ɗinsu ke juyawa a kan shimfiɗar mai maimakon ƙwallaye, suna da nasu ma'aunin dabam. Wannan ba ya taɓa shaf ɗin. Yana auna tazarar da ke tsakaninsu ne, har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kamfanin Bently Nevada na Amurka shi ya yaɗa irinsa a shekarun 1960, kuma Cibiyar Man Fetur ta Amurka ta tanadi ƙa'ida mai lamba 670 game da yadda za a kafa shi a injinan mai, ta yadda zai yi kururuwa ko ya kashe inji da kansa idan girgiza ta wuce iyaka.

Mizanin da ake gwadawa da shi

Tambayar da kowane mai inji zai yi ita ce, girgiza nawa ce ta yi yawa? A 1939 wani injiniya a Amurka mai suna T. C. Rathbone ya wallafa jadawali da ke raba girgiza mataki-mataki, daga mai kyau zuwa mai haɗari. Ƙungiyar injiniyoyin Jamus ta fito da nata mizanin a 1964, Hukumar Daidaita Ma'aunai ta Duniya kuma ta bi baya da ƙa'ida mai lamba 2372 a 1974. An maye gurbinta da mai lamba 10816 a 1995, sa'an nan da mai lamba 20816 daga 2016.

Jadawalin 1974, wanda har yanzu akan same shi a takardun ƙananan ma'aunai, ya isa ɗan kasuwa ya fara da shi. Ga ƙaramin inji da bai wuce kilowat 15 ba, girgiza har zuwa milimita 0.71 a daƙiƙa tana da kyau, zuwa 1.8 ana iya ci gaba da aiki, zuwa 4.5 sai a shirya gyara, abin da ya haura haka kuwa yana cin injin. Ga matsakaici mai kilowat 15 zuwa 75, iyakokin su ne 1.12 da 2.8 da 7.1. Ga babban inji da ke kan dandamali mai ƙwari, 1.8 da 4.5 da 11.2.

Wajibi ne a lura cewa waɗannan lambobi na injina masu juyi sumul ne, kamar injin lantarki da famfo da fanka. Injin dizal, wanda fistin ke kai da komowa a cikinsa, da injin fasa dutse, suna girgiza fiye da haka ko da suna da ƙoshin lafiya, kuma injin dizal yana da nasa mizanin dabam. Saboda haka abin dogaro na gaskiya shi ne tarihin injin kansa. Injin da ya shekara yana nuna 2.0 ya fi kwanciyar hankali a kan wanda ya tashi daga 0.8 zuwa 1.6 cikin wata biyu, ko da yake lambar na biyun ta fi ƙanƙanta. Ninkawar lamba a ɗan lokaci ita ce alamar da ba a yi mata jinkiri.

A ma'adinai da rijiyoyin mai

Kamfanonin ma'adinai da na mai sun rungumi wannan bincike ne domin aikinsu sarƙa ce, wadda tsinkewar zobe ɗaya ke tsayar da ita duka. Misali mafi kusa da Mubi shi ne masana'antar siminti ta Ashaka a Jihar Gombe, wadda ta fara aiki a 1979, take kuma samun kwal daga mahaƙar Maiganga. A masana'anta irin wannan, dutse yana bi ta injin fasawa, ya hau bel, ya shiga injin niƙa, sa'an nan ya isa murhu mai juyawa wanda ake ƙona shi da zafin da ya kai digiri 1,450. Idan boris ɗin babbar fankar da ke jan hayaƙi ya kama, murhun dole ya tsaya, kuma huce shi da sake hura shi aikin kwanaki ne, da asarar makamashi mai yawa. Haka lamarin yake a masana'antar sukari ta Numan a nan Adamawa, inda rake ke da lokacin yanka, kuma raken da aka yanka ya kwana biyu a ƙasa yana rasa zaƙinsa.

A ɓangaren mai, yankin da ke kewaye da Mubi ya sauya cikin shekara ashirin da 'yan kai. Bututun da ya tashi daga Doba a Chadi zuwa Kiribi a gaɓar tekun Kamaru, mai tsawon kilomita 1,070, ya fara aiki a 2003. Matatar mai ta Damagaram a Jamhuriyar Nijar, mai tace ganga 20,000 a rana, ta buɗe a 2011, bututun Agadem zuwa gaɓar tekun Binin mai tsawon kusan kilomita 2,000 kuma ya fara fitar da mai a 2024. A Nijeriya, kamfanin mai na ƙasa ya ba da sanarwar samun mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a watan Oktoba na 2019, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a ranar 22 ga Nuwamba, 2022. Kowane bututu yana da tashoshin tura mai, kowace tasha da famfuna da janaretocin da ke aiki dare da rana a wuraren da ke nesa da gari.

A wurin haƙar rijiya kuwa girgiza tana da fuska biyu. A sama akwai famfunan tura laka da injin juya bututu, waɗanda ake auna su kamar kowane inji. A ƙarƙashin ƙasa, jerin bututun haƙa mai tsawon dubban mitoci yana iya yin tsalle, ko ya yi lilo yana dukan bangon rijiya, ko bakin haƙar ya kafe sa'an nan ya kuɓuce da gudu. Kowanne daga cikinsu yana cin haƙoran baki yana kuma gajiyar da ƙarfe. Shi ya sa ake sanya ma'auni kusa da bakin haƙar, yana aiko da labari sama, domin mai tuƙin ya rage nauyi ko ya sauya saurin juyi. Idan bututu ya tsinke a cikin rijiya, kamo shi na iya cin kwanaki, ana kuma biyan hayar injin haƙa a kowace rana.

Akwai kuma injinan da girgiza ita ce aikinsu, kamar rariyar da ke tace tsakuwa a wurin fasa dutse da wadda ke tace lakar haƙa. Su ma ana auna su, amma abin da ake dubawa shi ne ko kusurwoyi huɗun suna rawa daidai. Idan ɗaya ta bambanta, to sifirin ya gaji ko jikin rariyar ya fara tsagewa.

Darasin Rasha

Auna girgiza ba ya amfani idan ba a yi aiki da sakamakonsa ba. A ranar 17 ga Agusta, 2009, a tashar lantarki ta madatsar Sayano-Shushenskaya da ke Rasha, mai ƙarfin megawat 6,400, inji na biyu ya tumɓuke daga mazauninsa, ruwa ya cika zauren injina, mutum 75 suka rasu. Binciken hukumar kula da lafiyar masana'antu ta ƙasar ya nuna cewa injin ya daɗe yana girgiza fiye da ƙima, har ƙusoshin da ke riƙe da murfinsa suka gaji suka tsattsage. Akwai ma'auni a jikinsa, lambobin kuma suna ta hauhawa, amma ba a tsayar da shi ba. Gyaran tashar bai kammala ba sai a 2014. Abin da ya shafi mai ƙaramar masana'anta a nan shi ne a yanke shawara tun farko: wace lamba ce idan an kai ta za a kashe inji, kuma wane ma'aikaci ne ke da ikon kashewa ba sai ya jira maigida ya dawo daga tafiya ba.

Lissafin ɗan kasuwa

Hanyoyin kula da inji uku ne. Ta farko ita ce a bar shi sai ya mutu. Wannan ta dace da ƙaramin abu mai araha wanda ake da madadinsa a ajiye, amma a babban inji tana da tsada, domin boris ɗin da ya kama yakan ci shaf, ya fasa gidansa, wani lokaci ya ƙona wayar injin. Ta biyu ita ce gyara bisa kalanda, wato a sauya kaya duk bayan wata kaza ko sun lalace ko ba su lalace ba. Wani bincike da Stanley Nowlan da Howard Heap na kamfanin jiragen sama na United Airlines suka wallafa a 1978 ya nuna cewa kashi 11 cikin 100 kawai na kayan da suka nazarta ne lalacewarsu ke bin shekaru. Sauran kashi 89 ba a iya hango ƙarshensu da kalanda. Ban da haka, kwance lafiyayyen inji yana iya shigar masa da ƙura ko ya ɓata daidaitonsa. Ta uku ita ce gyara bisa halin da inji ke ciki, kuma a nan awon girgiza ke shigowa.

A ƙaddara mai injin niƙa yana niƙa buhu 50 a rana. Idan injin ya mutu ba zato, aka yi kwana 10 ana neman kaya da jiran mota, ya yi asarar ladan buhu 500, ga albashin yara yana tafiya, ga kuɗin shaf da walda, ga abokan ciniki sun koma wurin maƙwabci, wasu kuma ba za su dawo ba. Idan kuwa ya sami labari wata guda kafin haka, zai saƙa sayen boris cikin kayan da ake kawo masa daga Kano, ya sauya shi a ranar da babu kasuwa, ya yi asarar yini ɗaya. Bambancin da ke tsakanin kwana 10 da yini ɗaya shi ne abin da zai gwada da kuɗin ma'auni.

Yanayin wannan yanki yana ƙara wa batun nauyi. Ƙurar hunturu tana daskarewa a fanka tana kuma shiga giris, zafin bazara yana tsinka mai, ruwan damina kuma yana iya zaizaye ƙarƙashin dandamali har inji ya karkace. Bugu da ƙari, yawancin injinan da ake saye na hannu ne, ba a san tarihinsu ba. Mai saye da ya sa aka tayar da inji aka auna shi kafin ya biya, ya sami hujjar neman ragi ko ta fasa cinikin. Haka nan awo bayan gyara yana nuna ko bakanike ya daidaita injin da kyau, wanda hakan ke rage gardama tsakaninsa da mai kaya.

Iyakar abin da awon ke iyawa

Awon girgiza ba ya ganin komai. Injin da ke juyawa a hankali ƙwarai yana da wuyar karantawa da ƙaramin ma'auni. Ɓarnar da ke aukuwa farat ɗaya, kamar ƙarfe ya faɗa cikin injin niƙa ko mai ya tsiyaye, ba ta jiran awon wata-wata. Shi ya sa manyan kamfanoni ke haɗa shi da gwajin man inji, wanda ke nuna garin ƙarfen da ke yawo a ciki, da kyamarar da ke ganin zafi, da na'urar da ke gano tsaga a cikin ƙarfe da sauti. Wayoyin hannu na zamani suna da ɗan ma'aunin motsi a cikinsu, kuma suna iya nuna rinjayen nauyi ko sakin noti, amma ba sa kama bugu mai sauri irin na boris da ya fara lalacewa.

Akwai kuma wata matsala da ke rikita masu koyo. Kowane dandamali ko firam na ƙarfe yana da saurin rawar da ya fi so, kamar yadda kowace ganga ke da amonta. Idan saurin inji ya zo daidai da wannan, ƙaramar girgiza sai ta zama babba, a yi ta sauya boris ba a ga sauƙi ba. Maganinsa shi ne a ƙarfafa firam ɗin ko a sauya saurin juyi.

Yadda za a fara

Mai masana'anta zai fara da rubuta injinansa, ya ware waɗanda tsayawarsu ke tsayar da aiki. A kowane gidan boris a yi alama da fenti a wuri uku: sama, da gefe, da ta tsawon shaf. A auna a wuraren nan ba sauyi, inji yana ɗauke da kayan da ya saba, bayan ya yi ɗumi, sau ɗaya a wata, a rubuta a littafi tare da kwanan wata da duk gyaran da aka yi. Idan lamba ta fara tashi, a koma awon mako-mako, a duba noti da bel da giris, in abin ya ci gaba a kira mai babbar na'ura. Mai awo kada ya kusanci bel da babbar riga ko rawani, kuma ya kula da wayar ma'aunin kada juyi ya kama ta.

Ba dole ne kowa ya mallaki na'ura ba. Ƙungiyar masu niƙa ko ta masu fasa dutse tana iya sayen guda ɗaya ta koya wa mutum biyu, su riƙa zagaya mambobi a kan ɗan kuɗi. Mubi tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a Yola a 1979 ta dawo Mubi a 1982, da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, ga kuma Jami'ar Modibbo Adama a Yola. Matasan da suka karanta aikin injiniya suna da tushen da za su koyi wannan sana'a, wadda ke da takardar shaida ta duniya mai mataki huɗu a ƙarƙashin ƙa'ida mai lamba 18436. Dokar 2010 ta bunƙasa shigar 'yan ƙasa cikin harkar mai da iskar gas ta tanadi a fifita kamfanonin Nijeriya a irin waɗannan ayyuka, amma kamfanin da zai nemi kwangila sai ya nuna shaida da tarihin aiki. Wanda ya fara yau da injinan niƙa da famfunan rijiyoyin burtsatse na Mubi da Hong da Michika, shi ne zai sami abin nunawa ranar da aka buɗe neman masu duba famfunan mai a kwarin Gongola.